Wutar da Ba Ni Na Kunna Ba

Abokin golmona ne ya kunna wutar, ni aka kora. Ba kuskure aka yi ba. Da bakinsa ya ce ni ne, a gaban oga, ina tsaye kusa da shi har kafaɗunmu na gogar juna. Abin da ya raba ni da aikin gandun daji ke nan, kuma a duk rayuwata wannan aikin kaɗai na taɓa tashi da safe ina ɗokin zuwa.

Ni mutumin Zuru ne, ƙauyenmu na gindin dutse ta wajen Dabai. Ubana soja ne, ya dawo gida da fansho da ciwon gwiwa. Na yi firamare a bariki, na shiga sakandare, a aji biyu na tsaya. Yayyena biyu sun bi sawun uba. Ni ma na je, aka gwada tsawona aka ce in koma gida in ƙara cin tuwo. Na koma na kama garma.

Wanda ba ɗan wajenmu ba ne sai an yi masa bayanin golmo. In saurayi yana son aure, shi da sa'o'insa suke haɗa ƙungiya, su riƙa noma gonakin iyayen 'yan matan da za su aura, yau gonar surukin wannan, gobe ta wancan, har shekara bakwai. Ana shan wuya. Mutumin da kuka yi wannan tare ya wuce aboki. Ni da shi mun yi, kunya ɗaya kusa da ɗaya. Ya yi wa matata noma, na yi wa tasa. A ƙungiyarmu akwai abin da ba mu taɓa karyawa ba. In garmar wani ta sare dawar suruki, tsohon ya zo yana faɗa yana tambayar wane ne, ba wanda zai nuna wani. Kowa ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Mai laifin ne zai tako gaba da kansa, sa'annan sauran su tako su tsaya tare da shi, a raba horon. Haka muka girma.

A farkon shekarun dubu biyu noman damina ya daina kai mu ƙarshen shekara. Wani tsohon soja a cocinmu ya gaya mini akwai gandun daji na gwamnati kudu da mu, tafiyar yini a mota, suna ɗaukar 'yan rani. In an yanke dawa ka je, in ruwa ya sauka ka dawo gonarka. Na ɗaure tabarma da adda na tafi.

Aikin ba na sarauta ba ne. Masu gadin daji su ne masu kaki da bindiga. Mu namu share hanyar mota, da sare ciyawa a yi fili mai faɗi wanda zai tare wuta, da ɗebo ruwa, wani lokaci mu raka baƙi masu zuwa kallon namun daji. Sansaninmu ɗakunan kwano ne a ƙarƙashin maɗatai. Abinci wake ne da garin kwaki, yau wake da gari, gobe gari da wake.

Zan faɗi gaskiya, makonnin farko ba dabba nake gani ba, nama nake gani. A gida duk abin da ya motsa a daji na tukunya ne. In zabi suka ratsa hanya hannuna da kansa yake neman dutse. Direban motarmu, wani Bakabe mai baki, shi ya fara kama ni.

"Kai ɗan soja, mi kaka haɗiyar miyau? Naman ga ba na miya ba na, na gwamnati na. Ko kashinai ka taɓa sai kotu."

Na ce masa shi da aka yaye da kifi me ya sani game da nama. Daga nan muka saba.

Gwanki ne ya canza ni. Wata safiya an aike ni duba wata hanya da ruwa ya cinye, ni kaɗai. Na zagayo wani dutse sai ga shi tsaye a fili, kusa ƙwarai. Ban taɓa sanin girmansa ya kai haka ba, kamar doki, ƙahoni sun lanƙwasa baya, fuska baƙi da fari kamar an yi masa zane, kunnuwa dogaye. Bai gudu ba. Ya dube ni, ya huro iska ta hanci, ya ci gaba da cin ciyawarsa. A gida ban taɓa ganin naman daji ba sai yana gudu ko yana kwance matacce. Wannan yana tsaye a gidansa, ni ne baƙo. Na tsuguna a wurin har ƙafata ta yi tsami. Da na dawo aka tambaye ni hanyar, na ce ban kai can ba, aka zage ni, ban damu ba.

Daga ranar na zama mai kallo. Na koyi sawu. Na san inda kanki ke tsayawa a kan suri yana gadi sauran na kiwo. Na san gadu in zai ci sai ya durƙusa a gwiwa kamar mai roƙo, in zai gudu kuma ya ɗaga wutsiya tsaye, 'ya'yansa na biye a jere, kowa da tasa wutsiyar a sama. Gogon biri kuwa ɓarawo ne mai hankali. Akwai wani babba da ya gane buhun garinmu, ba ya zuwa sai ranar Lahadi da safe lokacin da muke addu'a a bayan ɗaki. Direba ya ce ai shi ma ɗan cocinmu ne, baikon coci ya zo karɓa.

Wata rana muka raka ɗalibai da malamarsu. Su zaki suke nema, ba mu gani ba, ni ma ban taɓa gani ba sai sawu. Muka tsaya kusa da burtu guda uku suna tafiya a ƙasa kamar dattawa za su gaisuwar mutuwa. Malamar ta miƙo mini madubin hangen nesa ta ce in duba. Na sa a ido. Ashe burtu na da gashin ido, dogaye, baƙi, kamar na amarya. Shekara nawa ina ganin tsuntsun nan ban sani ba. Na yi ta dariya ni kaɗai har ɗaliban suka kama dariyata.

Wurin da na fi so shi ne kurmin da ke bakin rafi. Rafin na ƙafewa da rani, amma a cikin kurmin ruwa na saura a 'yan kududdufai, ga inuwar kanya da maje, ga sanyi. In zafi ya tsananta duk abin da ke dajin nan yake gangarowa. Mazo na zaune a ciki, ja mai ɗigon fari, mai kunya, sai ka yi haƙuri kake ganinsa. Birai a sama, guza a bakin ruwa. In na sami hutu can nake zuwa in zauna. Mutum irina da ba a taɓa tambayar ra'ayinsa a kan komai ba, a nan na ji ba na bukatar kowa ya tambaye ni.

Ranin farko da na biyu ni kaɗai na je daga ƙauyenmu. A na uku abokin golmona ya same ni. Damina ta yi masa gardama, ga 'ya'ya cike da gida, matarsa ba lafiya. Ya ce, "Ɗan'uwa, ka tafi da ni." Ban yi dogon tunani ba. Na kai shi gaban oga na ce wannan nawa ne, in ya yi ba daidai ba a tambaye ni.

Kuma ya yi aiki. Ba rago ba ne, a sara ya fi ni. Abu ɗaya dai, idonsa bai canza ba. In na nuna masa mariya sai ya ce, "Wannan cinyar kaɗai ta ishi gidana mako guda." Nakan ce masa ya bari, ni ma haka na fara. Ban ga laifinsa ba. Mutumin da ya bar yara suna shan kunu ba suga, wake ya ishe shi, ga nama na yawo a gabansa an ce kallo kawai. Na ɗauka lokaci zai gyara shi kamar yadda ya gyara ni.

Sai na yi bayanin wuta, don a gane girman abin. A gandun daji ana kunna wuta da gangan, amma da lokacinta. Farkon rani, ciyawa na da sauran ɗanye a gindi, da yamma in iska ta kwanta, a kunna yanki-yanki. Irin wannan wutar a hankali take tafiya, raɓa ta kashe ta, bayan 'yan kwanaki sabon tsiro ya fito namun daji su samu abinci. In bazara ta shigo kuwa komai ya bushe ƙayau, ko taba ba a yarda ka kunna a cikin daji ba. Ni mai shan taba ne a lokacin, kowa a sansanin ya sani. Ba na sha sai mun dawo, amma ashana kullum tana aljihun rigata, sabo ne kawai.

Cikin watan Maris aka tura mu, ni da abokin golmona, mu faɗaɗa filin da ke kewaye da kurmin nan. Rana ta take, ruwanmu ya ƙare. Na tuɓe riga na rataya a reshen marke, na ɗauki jarka na gangara rafi. Da na isa sai na tarar da mazo mace tana sha. Na tsaya bayan itace in bari ta gama. Tana cikin sha ta ɗaga kai, ta shaƙi iska, ta zabura. Sa'annan ni ma na ji warin.

Na yar da jarkar na hau da gudu. Na same shi yana dukan ƙasa da rigarsa, wuta ta riga ta fi tsayinsa. Ga rami a gindin suri an cusa masa busasshiyar ciyawa, ga kwalin ashanata a ƙasa.

Na ce, "Me ka yi?"

Ya ce, "Gafiya ce, babba, na ga ta shiga. Hayaƙi kawai zan tura mata, kamar yadda muke yi a gida."

Haka muke yi a gida, gaskiya ne. Tun muna yara muke yi, a gonar da aka girbe, inda ba abin da zai ci. A nan wata 'yar guguwa ce ta zo ta ɗauki ciyawar mai ci ta jefa cikin gamba. Muka karyo ɗanyen reshe muka yi ta duka. Banza. Iskar na kaɗawa wajen kurmi. Kafin mota ta kawo sauran ma'aikata, wutar ta hau itatuwa. Ƙararta kamar ruwan sama a kan kwano. Birai na kururuwa suna tsalle, shirwa sun cika sama suna cafke farin da ke tashi. Na ga gadu ya fito da gashin bayansa na hayaƙi. Muka yi ta fama har rana ta faɗi, tafin hannuna duk ya ɗuri ruwa. Fiye da rabin kurmin ya tafi.

Da muka dawo sansani abokina bai ci abinci ba. Ni ma ban ce masa komai ba. A raina na ce yana tattara ƙarfin zuciya ne, in bar shi.

Da safe oga ya kai mu wurin. Toka har idon sawu, kututture na hayaƙi. Na ga kunkuru biyu sun ƙone a cikin ƙoƙonsu, sun nufi ruwa ba su kai ba. Oga ba mugun mutum ba ne, mai ilimi ne kuma yana son dajin, na ga idonsa ya yi ja. Ya tsayar da mu gaban kowa, kwalin ashanar na hannunsa.

Ya ce, "Ku biyu ne a nan. Wa ya kunna?"

Na sunkuyar da kai na yi shiru. Ban ma yi shawara da zuciyata ba, jikina ne ya yi abin da ya saba. Ina jiran abokina ya tako gaba in tako tare da shi, in ce oga ni na kawo shi, a hore mu tare, mu yi aikin sauran ranin kyauta. Har na shirya maganar a bakina. Abin da ban tuna ba shi ne oga bai taɓa yin golmo ba. A wurinsa wanda ya sunkuyar da kai shi ne mai laifi.

Ya sake tambaya. Sai na ji muryar abokina, ƙasa-ƙasa.

"Oga, ni ruwa na je ɗebowa. Na bar shi zaune da ashanarsa."

Na juya na dube shi. Da yarenmu na ce masa, "Me ka ce?" Bai dube ni ba. Oga ya daka tsawa ya ce a yi Hausa kowa ya ji. Na ce, "Oga, ba ni ba ne."

Ya ce, "Ashanar wa ce?"

Na ce tawa ce.

"Wa ke shan taba a cikinku?"

Na ce ni ne.

"To me ya sa da na tambaya ka kasa ɗaga kai?"

Ta ina zan fara? In ce masa shekara ashirin da suka wuce mun yi noma tare a gonar surukai? Na buɗe baki na fara zancen gafiya, maganar ta fito a hargitse kamar ta mai ƙarya. Oga ya ce don na yi rani biyu ba a taɓa kama ni da komai ba, ba zai kai ni wurin 'yan sanda ba, amma in tattara kayana, kuma kada in ƙara tako gandun.

Direba ne ya kai ni bakin titi. Duk surutunsa ranar bai yi ba. Da zan sauka ya ce, "Ɗan soja, ni dai ban yarda ba. Amma wa ka tambayar direba?" Ya ba ni goro, ni da ba na ci, na karɓa.

Da rani ya zagayo na koma har ƙofar gandun, ko an huce. Mai gadi ya san ni, ya gaishe ni da mutunci, ya ce an hana. Na tsaya ina leƙen hanyar da na share da hannuna, sa'annan na juya.

Matata ta ce in kai ƙara wurin fasto ko dattawa. Na ƙi. In sun tara mu ya rantse, sai me? Kuma dattawan ƙauye ba su ke ɗaukar ma'aikata a gandu ba. Na karɓi babur na fara kabu-kabu, Zuru zuwa Ribah, wani lokaci har Dirin Daji. Na daina taba, ko warinta ba na so. Shi kuwa ya ci gaba da zuwa, bayan 'yan shekaru aka ba shi kaki, ya zama na dindindin. In ya zo gida Kirsimeti yakan zauna can ɗaya gefen coci. Matarsa da tawa suna gaisawa. Mu ba ma yi.

Bayan shekaru da dama, wata ranar kasuwa, ina tasha a kan babur sai ga shi ya sauko daga mota da jaka. Ga 'yan kabu-kabu da yawa, ya wuce su duka ya zo wurina. Ya rame, furfura ta fito masa, wandon kakin ya yi masa yawa.

Ya ce, "Ɗan'uwa, kai ni gida."

Na so in ce babur ya lalace. Sai na ce ya hau. Muka fita gari. Da muka kai wata ɗorawa a bakin hanya ya taɓa kafaɗata ya ce in tsaya. Muka sauka.

Ni na fara, don abin ya daɗe yana cina. Na ce, "Kurmin ya tashi?"

Ya ce ya tashi. Manyan kanya sun mutu, amma ƙasa ta rufe, ruwa na zama. Ya ce mazo ta dawo, bara ya gan ta da ɗa. Wallahi na ji daɗi, har na juya baya don kada ya ga fuskata.

Sai ya ce, "An yi wa tsohon oga canji. Sabon bai san zancen ba. Bana za a ɗauki 'yan rani, kuma yana jin maganata. Ka zo. Ba wanda zai tayar da tsohon zance."

Shekarun nan duk abin da nake so ke nan. Na ga kaina a hanyar rafi da adda a kafaɗa.

Na ce, "Tsofaffin ma'aikata suna nan?"

Ya ce yawancinsu suna nan.

"A saninsu, wa ya ƙone kurmin?"

Ya kau da kai. Na ci gaba.

"Za ka tara su ka gaya musu? Za ka gaya wa sabon ogan?"

Ya dubi ƙasa. Ya ce, "Ka san in na faɗa kakin nan ya tafi. Babbar 'yata tana makarantar koyon jinya, uwarsu kullum asibiti. Tsoro na ji ranar, ɗan'uwa. Har yau ban ƙara cin gafiya ba. Ka yafe mini."

Idonsa ya kawo ruwa, kuma na san ba na ƙarya ba ne. Na san gidansa, na san matarsa, ni na yi mata noma. Na ce ya ɗago ya dube ni. Ya ɗago.

Na ce, "Na san tsoro ka ji. Ni ma da 'ya'ya, na san abin. Ba wutar ce ke ci mini rai ba, kowa a ƙauyenmu zai iya yin wannan wautar. Amma ka tuna, ranar ban nuna ka ba. Bakina a rufe yake, saboda kai. Da ka yi shiru kawai, da tare aka kore mu ko tare aka bar mu. Da ma da yamma ka zo ka ce, ɗan'uwa, gidana ya fi naka nauyi, ɗaukar mini, wallahi da na ɗauka, in tafi da kaina a sama. Ba ka roƙa ba, ƙwata ka yi. Ka riƙe kakinka, ka ciyar da yaranka, ba zan je in tona ka ba. Amma ba zan shiga dajin nan mutane na nuna ni suna cewa ga wanda ya ƙone shi ba. Ranar da ka iya tsayawa gabansu ka ce kai ne, aiko mini, ko da rarrafe zan zo. Kafin nan kada ka ƙara ce mini ɗan'uwa. Hau in kai ka gida."